Shekarar da Baba Ya Sauka Rijiya

Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan babi wata magana ce da na tsinta a bakin jikata Safiya ranar da kuka zo babbar salla. Na tarar da ita a zaure tana nuna wa ƙannenta guntun igiyar nan da ke rataye a jikin azara, tana gaya musu wai da ita aka ciro kakan babanta lokacin da ya faɗa rijiya. Na tambaye ta wa ya faɗa mata haka, ta ce babanta. To kai Abba, da kai nake, kai da in ka tsaya a ƙofar zauren nan sai kaji sun jira ka gifta kafin su ga hanya. Mahaifina bai faɗa rijiya ba. Da ƙafarsa ya je bakinta, da hankalinsa ya sauka, kuma ni ne na riƙe igiyar. Na daɗe ina jin kuna ba da labarin a karkace ina yin shiru, domin akwai abin da ke cikinsa wanda bakina ba zai iya faɗa maka ido da ido ba, kasancewarka ɗan fari. Amma takarda ba ta jin kunyar kowa, kuma ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci ya isa ya kai saƙo.

Gidanmu gidan kaba ne tun kaka da kakanni. Ku da kuka tashi kuka ga tabarmar roba da igiyar roba, ba ku san yadda ƙauyukan nan na wajen garin Babban Mutum suka rayu a kan ganye ɗaya ba. Kaba ai ƙaramar goriba ce wadda ba ta riga ta miƙe ba, ga ta nan birjik a gonakinmu da bakin iyaka, babu mai shuka ta, babu mai ba ta ruwa. Maza su shiga da lauje su yanko, ƙayar gindinta tana yagar hannu, a shanya, a tsaga. Mata su saƙa tabarma da faifai da malafa, maza su yi tufkar igiya. Har yau in na ɗauki tsagi ɗaya na kaba nakan tsaya ina kallonsa. Abu ne da akuya za ta tauna tana wasa, yaro ya tsinka da yatsu biyu. Amma in ka jiƙa shi, ka murɗa, ka haɗa shi da 'yan'uwansa, ka juya wannan dama wancan hagu har kowanne ya riƙe ɗan'uwansa, sai ya tsayar da raƙumi mai fushi. Na shekara sittin da wani abu ina wannan aiki, ban daina mamakin ikon Allah a cikinsa ba.

Sai dai mamaki ba ya cika rumbu. Aikin kaba aikin talaka ne, kuma wanda ya fi wahala a cikinsa shi ya fi kwana da yunwa. Innata takan wuni a sunkuye tana saƙa har wuyanta ya ƙage, ranar kasuwa dillali ya zo daga Daura ya juya tabarmar gaba da baya, ya ce gefenta ya karkace, ya ba da abin da ba zai wuce gishiri da sabulu ba. Shi kuwa ya loda a mota ya kai Kano. Ba mu taɓa ganin inda tabarminmu suke kwana ba. Abin da ya riƙe gidanmu shi ne igiyar Baba. Malam Haruna mai igiya, haka ake kiransa daga Baure har ƙauyukan da ke hayin iyaka. Buzaye masu raƙuma sukan kwana a ƙofar gidanmu suna jiran tufkarsa. Mutum ne dogo mai faɗin ƙirji, ina yaro na sha ganin ya ɗauko damin kaba da jaki zai yi wa gardama, ya taho da shi a ka yana amsa gaisuwa. Ba shi da yawan magana, kuma da yake ni ne ɗansa na fari bai taɓa kiran sunana ba, iyakarsa "kai" ko "wancan". Duk igiyar da na tufka sai ya ja ta ta cikin tafinsa daga farko har ƙarshe, in ya tarar da inda bai gamshe shi ba ya warware ya miƙo mini. Tufka da warwara da mutane ke faɗa a karin magana, ni a gidanmu na yi ta da hannuna.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, abubuwa ne suka taru mana a lokaci guda. Damina ta yi gardama, geron da muka girbe bai kai rabin rumbu ba. Igiyar roba ta cika kasuwa, shuɗiya da ja, ga araha, ruwa ba ya ruɓar da ita, gara ba ta cin ta. Ban ga laifin wanda ya saya ba, ni ma da makiyayi ne ita zan saya. Buzayen da ke kwana a ƙofarmu suka koma ɗaga mana hannu daga kan raƙumi suna wucewa. Sannan hannuwan Baba suka mutu. Sanyi ya shiga gaɓoɓin yatsunsa suka kumbura suka lanƙwashe, har carbi sai da ƙyar yake ja. A wannan shekarar kuma uwarku take ɗauke da cikin fari, abin da kowa a gidan ya sani kuma babu mai furtawa. Tuwon dare ya koma na auna-auna. Baba, wanda kullum ake fitar masa da akushinsa wajen ciyayya da dattawa a ƙofar masallaci, ya ce haƙoransa sun dame shi, ba ya son ana kallon yadda yake tauna, a riƙa kai masa nasa zaure. Ya kuma tsiri yawan azumin nafila. Muka ce tsufa ne da neman lahira, ni kuma ina can waje ina cin nawa da tsarana.

Ana cikin haka abokina Ɗanlami ya dawo daga cirani. Ya zo da agogo da takalmi mai ƙara, ya zauna a zaurenmu yana ba mu labarin bakin teku can bayan Ikko, inda itatuwan kwakwa suka fi goribarmu yawa. Ya ce ɓawon kwakwar nan da muke gani, akwai gashi a cikinsa, mata ke jiƙa shi a ruwa ya daɗe, su yi ta bugu da kulki har ya saki, a yi igiya da abin goge ƙafa da buroshi. Ya ce akwai wani mai wurin da ke neman masu hannun tufka, kuma kullum in rana ta faɗi ana sallamar ma'aikaci. Baba ya saurara har ƙarshe, ya sa aka miƙo masa ɗan guntun igiyar kwakwar da Ɗanlami ya zo da shi, ya shinshina, ya murza a tafinsa, ya ce ashe ko'ina Allah ya ajiye talaka sai ya ɓoye masa igiya a cikin wata itaciya. Sai ya tambayi Ɗanlami ko matan da ke bugun ɓawon sun yi ƙiba. Ɗanlami ya yi dariya ya ce a'a, duk kamar Inna suke. Ni dai zuciyata ta riga ta hau mota. Muka yanke da Ɗanlami cewa in zai koma tare za mu tafi, kuma Baba bai hana ba.

Abin da ya shiga tsakanina da wannan tafiya rijiya ce. Garinmu rijiya ɗaya gare shi a lokacin, ta kakanni, mai zurfin da in ka saki guga sai ka gama gaisawa da na kusa da kai kafin ka ji ya taɓa ruwa. Ba rijiyar Kusugu ta Daura ba ce da ake zuwa kallo, amma mu ita ce ranmu da na dabbobinmu. Da bazara ta matso sai ta fara ba da taɓo. Mata su yi sammako su dawo da rabin tulu na ruwa ja. Mai unguwa ya aika aka kirawo masu yasar rijiya daga wani gari, ya kuma nuna musu sabuwar igiyar roba da aka yi karo-karo aka saya. Babbansu, wani tsoho gajere mai suna Tanko, ya juya ta da ƙafa ya tambayi wanda ya tufka ta. Aka ce ai inji ne, a wata ƙasa.

"To in ta tsinke da ni, wa iyalina za su je su tambaya?" in ji shi. "Ni ba na sauka da igiyar da ba ta da uba."

A ƙasarmu akwai al'ada tsakanin masu yasa da masu tufka. Igiyar da mutum zai rataya ransa a kanta, mai ita ne ke fara sauka da ita har ƙasan rijiya a gaban jama'a, ya taɓo ruwa ya fito, sannan mai yasa ya shiga. Ba a yin rantsuwa, ba a kawo shaida, saukar nan ita ce rantsuwar. Saboda haka aka zo gidanmu, mai unguwa da Tanko, aka ce Malam Haruna ya yi igiya. Aiki ne da zai kawo mana hatsin da zai kai mu shuka. Baba ya ɗaga hannuwansa ya nuna musu, ya ce shi kam ya gama, amma ga wancan. Tanko ya dube ni sama da ƙasa ya ce ba shi da ja, muddin za a bi al'ada. Na ce na yarda, ni zan tufka ni zan sauka. A raina ina cewa in na gama sai in bi Ɗanlami.

Da baƙin suka tafi, Baba ya ce in zauna. Inna tana daga bakin ƙofar cikin gida da saƙarta a cinya.

"Kai za ka tufka," ya ce. "Ni zan sauka."

Na ce al'ada ba ta ce haka ba, mai igiya aka ce. Ya ce igiyar gidan nan ce, kuma har yanzu shi ne mai gidan. Inna ta ajiye saƙa ta ce, Malam, da waɗanne hannuwan za ka riƙe? Ya ce ɗaure shi za a yi, ba riƙo zai yi ba. Ta ce to a bar aikin mana, a mayar musu, yunwa ba ta kashe mu bara ba, ba za ta kashe mu bana ba. Ban taɓa jin Inna ta ja da shi a gabana ba sai ran nan. Ya bar ta ta gama, sannan ya yi magana yana kallon ƙasa.

"Gidan nan ana jiran baƙo. Ba zai zo ya tarar babu hatsi ba, kuma ba zai zo ya tarar babu ubansa ba."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan game da cikin uwarku. Kunya ta rufe ni, tsoro kuma ya biyo bayanta. Ban taɓa tufka igiyar rijiya ni kaɗai ba, kuma hannun da ke bin tufkata yana gano kuskure ya riga ya daina ji.

Ɗanlami ya zo washegari ya ce motar da za su bi za ta tashi ranar kasuwar da ke tafe, kuma mai wurin kwakwa ba zai ajiye mini gurbi ba, masu nema sun yi yawa. Ya ba ni shawara irin ta aboki, ya ce in tafi kawai, in babu mai tufka dole Tanko ya haƙura da roba ko a nemo wani, Baba kuma ya tsira daga rijiya. Maganarsa akwai hankali a ciki, na kwana biyu ina juya ta. Amma na san mahaifina. In na tafi zai zauna da karkatattun yatsun nan ya tufka abin da ya samu, kuma zai sauka da ita, domin ya riga ya amsa wa mutane. Zaɓin da ke gabana shi ne ya sauka da igiyata ko ya sauka da wadda ta fi ta rauni. Ranar kasuwa na raka Ɗanlami bakin mota, na riƙe masa jaka har ya hau, na dawo gida na ɗauki lauje.

Ban yanki kabar kusa da gari ba, wadda awaki suka gwaguya rana ta ƙone. Na yi ta tafiya har wani kwari kusa da iyaka inda ƙasa ke riƙe da danshi, ina zaɓen ganye ɗaya-ɗaya, wanda bai tsufa ba kuma bai yi ɗanye ba. Na shanya a inuwa, na tsaga, duk tsagin da na ga ɗigon baƙi a jikinsa na jefar, har Inna ta ce abin da nake zubarwa ya isa tabarmar masallaci. Ita ke jiƙa mini, ita ke miƙo mini, uwarku kuma tana share wurin tana kawo ruwa ba ta ɗaga ido. Na ɗaura bakin igiyar a gindin darbejiyar tsakar gida na fara ja da baya. Duk inda zan sa sabon tsagi sai na yi bisimilla, kuma ban bari haɗi biyu sun zo wuri ɗaya ba. Tafin hannuna ya tsage, ya warke, ya sake tsagewa. Wanda nake gani a idona ina tufkar nan shi ne Baban da na sani ina yaro, mai damin kaba a ka, saboda haka na yi ta ƙara kauri, har igiyar ta kai kaurin hannun yaro. Shi kuwa yana zaune a zaure, ko leƙowa bai yi ba. Da na gama na nannaɗe ta na kai gabansa, ina jiran ya ja ta ta cikin tafinsa kamar yadda ya saba. Ya dube ta ya ce in kai wa Tanko. Wallahi da ya warware ta gaba ɗaya da ya fi mini sauƙi.

Ranar saukar, da hantsi aka taru, gari kaf, har matan da ba sa fita sun leƙo ta kan danga. A bakin rijiyar akwai gungumen ƙirya da aka gitta tun zamanin da ba wanda ya tuna, igiyoyin kakanninmu sun ci jikinsa sun yi masa kwari-kwari masu santsi. Tanko ya bi igiyata da hannu yana gyaɗa kai, ya ɗaura wani guntun itace a bakinta wanda za a zauna a kai. Da jama'a suka ga Baba ne ya matso ba ni ba, sai gunaguni ya tashi. Mai unguwa ya ce, Malam Haruna, ai yaron ne ya yi. Baba ya ce a gidansa aka yi. Tanko ya ce wa Baba ya tuɓe riga kamar yadda ake yi, Baba ya ce shi da taguwarsa zai shiga, ƙasan rijiya akwai sanyi. Wani ya yi masa ba'a ya ce ko surukai gare shi a can ƙasa, aka yi dariya kaɗan. Aka ɗaure shi a ƙugu da ƙirji a kan rigar. Ni aka sa a gaba, dab da gungumen, ƙarti kuma suka jeru a bayana kowa ya kama. Baba ya zauna a bakin rijiya ya zura ƙafafunsa, ya yi addu'a a hankali, bai dube ni ba, ya sake jikinsa.

Na riga na kafa ƙafa, na ƙanƙame, ina jiran nauyi ya fizge ni. Abin da ya zo hannuna bai fi a ce guga biyu na ruwa ba. Na ɗauka ƙafarsa ce ta tokare a jikin bango, na leƙa, sai na ga hularsa tana lilo a tsakiyar rijiya, babu abin da ya taɓa. Na bayana ya taɓa ni ya tambaya ko tsohon ya hau kuwa, domin su ba su ji komai ba. Na fara sakin igiya a hankali, tana bi ta cikin tafina tana wucewa ta kwarin gungumen, kowane haɗi da na yi ina gane shi in ya zo. Farar hular tana ƙanƙancewa har duhu ya shanye ta. Daga nan ban da igiyar nan babu abin da ya haɗa mahaifina da duniya. Ina jin sa a cikinta. In ya juya ina ji, in ya tokari bango da ƙafa ina ji, kai har tarinsa sai da ya hawo ta cikin kabar ya iso hannuna. Ganyen da na yanko da laujena a kwari, shi ne yake riƙe da wanda ya haife ni a tsakanin sama da ruwa. Gari ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan igiya a jikin ƙirya. Ban taɓa jin girman Allah kamar wannan lokacin ba, kuma ban taɓa jin tsoro kamarsa ba.

Can igiyar ta yi sako-sako, alamar ya taka ƙasa. Muka jira. Ni dai na san jiran ya yi mini tsawo. Sai aka girgiza ta daga ƙasa, Tanko ya ce a ja. Muka ja, ko in ce na ja, domin na bayana tattara igiya kawai suke yi. Hular ta fito daga duhu, sannan fuskarsa, gefen rigarsa sharkaf da taɓo. Aka kama shi aka zaunar, aka kwance. Ya buɗe tafinsa ya nuna wa Tanko jan taɓon da ya damƙo daga ƙasa, shaidar ya kai. Tanko ya tuɓe riga nan take ya ce a ɗaura masa. Mutane suna ta yi wa Baba barka, wasu suna dafa kafaɗata. Shi kuwa da ya huta ya miƙe, ya zo wucewa ta gabana, ya ɗan tsaya.

"Ta yi kauri da yawa," ya ce. "Ka ɓarnatar da kaba."

Yabon da na samu ke nan, kuma na karɓa. Amma hankalina ba a nan yake ba. Da Tanko ya hau igiyar, shi da yake ɗan gajere, sai da muka kafa ƙafa mu duka. A nan na tabbatar ba hannuna ne ya ruɗe ni ba.

Na bar su suna yasa na koma gida. Na tarar da Inna a ƙuryar ɗaki, a inda ta wuni tun safe ba ta fita ba, saƙar tana cinyarta ba ta ƙara ko tsagi ɗaya ba. Na ce mata ya fito lafiya. Ta yi hamdala ta share ido. Na tsuguna na ce, Inna, Baba ba shi da nauyi. Ta ɗago ta dube ni.

"Sai yau ka sani?"

A nan ta gaya mini. Haƙoransa lafiyarsu ƙalau. Tun da aka ga gero ba zai kai ba, kuma aka gane halin da uwarku ke ciki, ya bar ciyayya don kada dattawa su ga abin da yake yi. In an kai masa akushi zaure sai ya gutsiri gefe ɗaya don a ga an taɓa, ya rufe, ya kira Inna. Ita kuma ta juye a wani kwano ta kai wa uwarku ta ce ragowar tukunya ce, domin da yarinyar ta san tuwon surukinta ne ko za ta mutu ba za ta ci ba. Furarsa ta rana ma haka. Azumin nafilar kuwa, ya ce tun da ba ci zai yi ba gara ya samu lada. Ya hana Inna faɗa, ya kuma ƙi tuɓe riga a bakin rijiya don kada gari ya ƙirga haƙarƙarinsa. Watanni ana haka a gidan da nake kwana, ni ina waje ina lissafin bakin teku. Uwarku ba ta san wannan magana ba har ta koma ga Allah, kuma na bar ta a haka da gangan.

Rijiya ta yasu, ruwa ya dawo, aka auno mana hatsin da ya kai mu shuka. Daga ran nan na koma cin abinci a zaure tare da Baba, na karya al'adar ɗan fari da ƙarfin hali, in bai sa hannu ba ni ma ba na sawa. Ya harare ni ranar farko, ya ci. Tafiya kudu kuwa ta wuce ni ke nan. Ɗanlami bai daɗe a wajen kwakwa ba, ya ce aikin bauta ne, amma daga can ya samu hanyar fataucin albasa, kuma kun ga gidan benen da ya gina a Daura. Da na bi shi, wataƙila da ba ku tafi makaranta da ƙafa ba takalmi ana kiranku 'ya'yan mai kaba ba. Na san abin ya yi muku ciwo, ni ma ya yi mini. Igiyar nan ita ce babbar igiya ta ƙarshe da aka nema a gidanmu. Tanko ya tsufa, yaransa suka koma roba, yanzu ma famfo mai aiki da hasken rana ne a garin, an rufe bakin rijiyar da siminti. Na ƙare rayuwata ina tufkar dabaibayi da igiyar awaki, ƙannenku mata na gari har gobe suna sunkuye a kan tabarma, dillali yana cewa gefenta ya karkace. Ban ce muku na yi dabara ba. Na ce muku dai ban yi nadama ba, domin kowa da abin da Allah ya nuna masa a duniya, ni abin da ya nuna mini a bakin rijiyar nan ne.

An haife ka da ruwan farko, Abba. Ungozoma ta fito tana cewa ba ta taɓa karɓar ɗan fari mai jiki irin wannan ba a shekarar yunwa, mata suna ta mamakin abin da uwarka ta ci. Ranar suna na raɗa wa liman sunan Baba, shi ya sa har yau babu mai kiranka Haruna a gidan nan. Bai ga yayenka ba, damina ta gaba ya rasu. Amma ran sunan, bayan an watse, Inna ta naɗo ka a zane ta kawo zaure ta ɗora masa a hannu. Yatsunsa ba sa riƙo, saboda haka a kan damatsansa ya tallabe ka. Ya ɗaga ka sama kaɗan, ya sauke, ya sake ɗagawa, kamar mai auna dami kafin ya ɗora a ka. Sai na ga ya yi murmushi, abin da ban cika gani ba.

"Masha Allah," ya ce. "Da nauyinsa."

Inna ta juya ta shige cikin gida da sauri. Ni kuma na zauna ina kallon nauyin da na nema a igiya ban samu ba, ga shi a hannun mai shi yana barci.